Jirgin da Malam Dabo Ke Zanawa a Ƙasa

Idan mutum ya ƙudura zai shiga ruwan da ke cin mutane, kai kuma ka san kalmomin da ake neman ceto da su, wanne ne alheri: ka koya masa, ko ka hana shi? In ka koya masa, ka ƙara masa ƙarfin gwiwar tafiya. In ka hana, wataƙila ya tafi a haka, babu abin faɗa a bakinsa ranar da ruwa ya fara shigowa. Na daɗe ina juya wannan tambaya, na kai ta gaban waɗanda suka fi ni karatu, ban samo amsar da ta kwantar mini da rai ba. Mutumin da nake wa jinjina yau ita ce ta same shi har ƙofar gida, a ranar da ya ce ya ajiye aiki.

Sunansa Malam Dabo, mazaunin Tudun Ƙofa a garin Keffi. 'Yan unguwa na ce masa Kyaftin, ko da yake bai taɓa riƙe sitiyarin jirgi ba, kuma shi da kansa yakan faɗa. Kullum da hantsi, in ya sha kokonsa, sai ya fito da wata sandar gora da ta yi baƙi saboda riƙo, ya sunkuya a filin ƙofar gidansa, ya zana jirgin ruwa a ƙasa. Gaba mai tsini, baya mai faɗi. Ya kife turmi a goshin jirgin don ɗaure igiya, ya ajiye bokiti a tsakiya, ya jingine tsohuwar tayar mota a gefe. Nan ne ajinsa. Da la'asar matarsa Huraira ta fito da tsintsiya ta share.

"Ni ce ke nutsar da jirgin Malam kowace rana," takan ce, "shi kuma bai gaji da ƙera sabo ba."

Keffi ba garin jirgi ba ne. Kogin Antau ɗinmu in rani ya yi, da ƙafa ake tsallake shi. Amma samari da 'yan matan garin nan suna neman aikin sojan ruwa, suna neman makarantun koyon aikin teku, suna tafiya Legas da Lakwaja aikin jiragen fasinja. Can kuwa da Turanci ake ba da umarni, kuma Turancin jirgi daban yake da na littafin makaranta. Malam Dabo ya san haka da jikinsa. Yana saurayi ya yi aiki a Warri a kan jirgin da ke jan na kaya, yana jan igiya yana goge daɓe. A watansa na farko aka daka masa tsawa ya matsa daga kusa da igiyar da ta ɗaure, bai gane abin da aka ce ba, ya tsaya yana kallon mai tsawar. Yatsu biyu na hannunsa na hagu can suka tsaya. Da ya dawo gida bayan shekaru masu yawa, ya ce ɗan Keffi ba zai sake barin yatsa a jirgi don rashin jin magana ba.

Yadda yake koyarwa ya sa mutane suka daɗe suna yi masa dariya. Duk wanda ya tako cikin zanen, to ya hau jirgi, ba Hausa ba Turancin burokin, sai maganar jirgi. Yakan ce kalmomin jirgi kamar shanun huɗa suke, biyu-biyu ko uku-uku suke tafiya, in ka raba su ka haɗa wata da wadda ba abokiyarta ba, wanda kake wa magana zai tsaya tambayarka me kake nufi, ruwa kuwa ba ya jira a gama tambaya. Saboda haka ba ya koyar da kalma ɗaya tilo. Yadda ake cewa a kwance igiya a tashi, yadda ake cewa a ɗaure jirgi a gaɓa, yadda ake cewa a kwashe ruwa, duk a dunƙule ake haddace su, ana faɗi ana yi da hannu. Wanda ƙafarsa ta kuskure ta fita daga layi, ya faɗa ruwa ke nan. Dole sauran su ɗaga murya su ce "Man overboard!", wato mutum ya faɗa ruwa, ɗaya ya nuna shi da yatsa ba tare da ya ɗauke ido ba, wani ya jefa masa taya. Wanda ya yi dariya, shi ma Malam zai tura shi ruwa.

Siman, wanda yanzu ke aiki a jirgin fasinja a Legas, ya ba ni labari da bakinsa. Wata safiya wata mata ta zame daga bayan jirginsu, da jaka a hannu. "Wallahi ban yi tunani ba," in ji shi. "Sai na ji bakina ya yi ihun, hannuna ya miƙe yana nuna ta. Ruwan nan da datti, kanta na ɓacewa yana fitowa, amma ban ɗauke ido ba, don ina jin kamar Baba na tsaye a bayana da gorarsa. Muka juya muka ɗauko ta." Angela, wadda ta shiga sojan ruwa, ta ce a sansanin horo 'yan bakin teku sun yi ta tsokanarta da 'yar tudu, har ranar da suka ga ba a maimaita mata umarni sau biyu. Irin waɗannan suna da yawa. Kai ne ka ɗora su a jirgi, Malam, a garin da babu jirgi.

Shekara da shekaru bai taɓa mayar da kowa daga bakin zanen nan ba, sai bayan abin da ya faru da Akram.

Akram ɗan maƙwabcinsa ne, Ubale tela. Yaro mai kaifin kai. Ya zo ajin ya zauna wata da watanni, Malam na murna ya samu ɗalibi mai tambaya. Rannan aka wayi gari babu shi. Ashe ta Agadas ya bi, ya ratsa hamada, ya isa gaɓar Libiya, inda ake loda mutane a kwale-kwalen roba a tura su Bahar Rum. Daga can ya kira ubansa kira na ƙarshe. Ubale ne ya maimaita wa Malam Dabo maganar a ƙofar masallaci, ba da faɗa ba, yana dai ba da labari.

"Ya ce mini, Baba kada ka damu, ko an shiga matsala na san abin da zan faɗa a waya, Kyaftin ya koya mini."

Tun daga ranar babu labarin Akram. Ba a ce ya mutu ba, ba a ce yana raye ba. Ubale bai daina gaida Malam Dabo ba, bai daina ɗinka masa kaya ba, kuma wannan ya fi zagi ciwo. A nan ƙofar masallacin, gaban mutane, Malam ya rantse da Allah cewa ba zai ƙara koya wa mai niyyar bin wannan hanya ko kalma ɗaya ba.

Ya kuma gane yadda ake gane su. Mai neman aiki sunayen abubuwa yake tambaya: mene ne sunan wannan igiya, yaya ake kiran gefen dama. Mai shirin tsallaka teku bai damu da sunan komai ba. Shi yadda ake kuka yake tambaya.

A daminar bana gwiwoyi suka matsa wa Malam, sunkuyawa ta zama aiki, ya sanar cewa ƙarshen wata zai rufe aji. A cikin watan ne Uthman ya zo. Bafulatani ne daga wata ruga kusa da Panda, saurayi dogo marar yawan magana. Shanunsu cuta ta ci wasu, ɓarayi suka kore sauran, uban ya rasu, shi kuma ya shigo gari yana acaɓa. Ya yi sakandare, yana jin Turanci daidai gwargwado. Ya kafe babur ɗinsa, ya gaida Malam har ƙasa, ya shiga layi. Kwana biyu yana bin abin da ake yi. A na gaba ya ɗaga hannu.

"Baba, in inji ya mutu a tsakiyar ruwa, jirgi na tafiya inda iska ta ga dama, yaya ake faɗi?"

Malam Dabo ya dube shi.

"In kuma akwai mata da yara a ciki fa, ana so a gaya wa masu zuwa ceto?"

Malam ya dogara da gorarsa ya matso.

"Wane aiki kake nema, ɗana?"

"Aikin jirgi, Baba."

"Wane jirgi? A ina yake? Wa ke da shi?"

Uthman ya sunkuyar da kai.

"Na roba ne ko? Wanda ake hura wa iska kamar ƙwallo?" Ya nuna bakin layi da gorar. "Fita mini daga layi."

Uthman ya taka ya fita. Ranar babu wanda ya yi ihun an faɗa ruwa, babu wanda ya jefa taya.

Kada mai karatu ya ɗauka korarsa ya yi ya huta. Da wannan gwiwa tasa ya bi Uthman har inda 'yan acaɓa ke tsayawa, ya zauna kan benci ya ba shi labarin teku kamar yadda ya gan ta, ranar da igiyar ruwa ta fi bene tsawo kuma jirgin ƙarfe da kansa ke kuka. Ya kira Siman a waya a gabansa ya roƙa a nema masa gurbi a Legas. Siman ya ce zai duba, amma sai an yi haƙuri. Ya je wajen limami, ya hau mota ya je Panda wajen baffan yaron. Uthman ya saurari kowa cikin ladabi, ya ce wa kowa to. Sannan ya sayar wa wani babur ɗin, a kan zai miƙa shi ranar da zai tashi.

"Baba," ya ce, "a nan ma nitsewa nake yi, sai dai a hankali, kuma a gaban innata. Ka koya mini ko ka bari, tafiya dai zan yi."

"To tafi da bakinka yadda Allah ya ba ka. Na rantse."

Ranar rufe aji aka kafa rumfa, tsofaffin ɗalibai suka zo, Angela da kakinta, Siman ya kwana a hanya daga Legas. Mata suka kawo zoɓo. Ubale ma ya zo ya zauna a gefe, da sabuwar rigar da ya ɗinka wa Malam a leda. An yi ruwa da safe, ƙasa ta yi laushi, zanen ƙarshe ya fito raɗau. Ana cikin jawabai sai ga wata dattijuwa da ƙwaryar nono a ka, ta ratsa mutane ba ta tsaya ba, ta taka cikin jirgin, ta sauke ƙwaryar a tsakiya kusa da bokiti. Hapsatu ce, mahaifiyar Uthman. Can tsallaken hanya shi kuma yana zaune kan babur, bai matso ba.

Mutane suka ɗauka godiya ta kawo. Malam ma haka ya ɗauka.

"Sannu da hanya, Inna. Ai ba sai kin ɗauko nono ba. Abin da ya kamata na yi."

"Ba godiya na zo ba, Malam. Kai ne ka kori yaron can?"

"Ni ne."

"To ka hana shi tafiya?"

Ba ta jira amsarsa ba.

"Ni na haife shi ban hana shi ba. Baffansa bai hana shi ba. Na yi kuka, na yi fushi, na daina cin abin da ya kawo. Jibi motarsu za ta tashi." Ta gyara zanenta. "An ce mini akwai maganar da ake yi in ruwa ya shiga, masu babban jirgi su ji su zo. An ce kai kaɗai ka iya ta a garin nan. Ka ba shi."

"Inna, na ba wani. Ga ubansa nan zaune. Da maganata a bakinsa ya shiga, yana ganin ta ishe shi. In na ba naki, ni na tura shi."

"Ba kai ka tura shi ba, ba kai za ka tsayar da shi ba. Wa ya ce maka kana da wannan girman?"

Wani ya yi ƙoƙarin sa baki, ta ɗaga masa hannu. Kowa a wurin ya san Bafulatana irinta ba ta kama sunan ɗanta na fari, ba ta nuna damuwa da shi a gaban mutane. Tun da ta zo "yaron can" take ce masa. Sai ga shi ta juya ta fuskanci Malam sosai, idonta a bushe.

"Uthman," ta ce. "Sunansa Uthman. Shi kaɗai ya rage mini namiji. In ruwa zai ci shi, kada ya ci shi yana bebe."

Malam Dabo ya juya wajen Ubale, kamar mai neman a yanke masa hukunci.

"Ubale, kai ka faɗa."

Tela ya daɗe yana murza ledar da ke hannunsa.

"Wata rana," ya ce, "abin da ke ba ni barci shi ne na san nawa ya tafi da abin faɗa. In ya kira ba a zo ba, wannan tsakaninsu da Allah. Wata rana kuma in ce da bai iya ba, ƙila da tsoro ya riƙe mini shi a gida. Ban sani ba, Dabo. Kada ka ɗora mini."

"Na rantse da Allah a gabanka."

Daga cikin zaure aka ji muryar Huraira, ko fitowa ba ta yi ba.

"Kaffarar rantsuwa ai ciyar da mutum goma ce, Malam, ba yanke kai ba. Na ɗora tukunya. In ka karya, a kai wa mabuƙata. In ba ka karya ba, baƙinka su ci. Ni dai tuwo zan tuƙa."

Wasu suka so yin dariya, ba ta fito ba. Malam na tsaye a tsakiyar jirginsa, gora a hannun da ke da yatsu uku, yana kallon ƙasa.

A wannan tsayuwar taka nake so mutanen Keffi su riƙa tuna ka, Malam Dabo, fiye da duk ranakun da aka yi maka tafi. Kai ne ka mayar da ƙofar gida teku don 'ya'yan mutane su koyi tsira. Kai ne ka ɗauki ɓatan ɗan maƙwabci kamar naka, alhali babu wanda ya ɗora maka. Lokacin da ka hana, ba ƙyashi ya sa ka hana ba, tsoron Allah ne da tsoron ruwa, kuma ba ka koma ɗaki ka ce ka fita haƙƙi ba, ka bi yaron da gwiwar da ba ta kai ka masallaci sai da ƙyar. Mai jirgin tudu, mun gode. Allah ya saka maka, ya ba gwiwa sauƙi, ya dawo wa Ubale da labari mai daɗi. Mu kuma da muka iya wani abu, ko ɗinki ko gyaran inji ko karatu, mu dubi wannan dattijo. Bai taɓa koyar da mutum ya manta da shi ba. Yana bin abin da ya koyar da ido har inda ya kai mai shi, ba ya ɗauke ido, kamar yadda yake sa ɗalibansa su yi wa wanda ya faɗa ruwa. Wannan shi ne abin koyi, ko da tambayar da na buɗe da ita ta fi ƙarfinmu gaba ɗaya.

Can sai Malam ya ɗaga ƙafa ya fara goge zanen. Ya share goshin jirgin, ya share gefe, ya ce Siman ya ɗauke turmi da igiya. Hapsatu ta sunkuya za ta ɗauki ƙwaryarta, ta ɗauka an gama magana.

"Bar ta nan, Inna."

Ya sunkuya, gwiwarsa ta yi ƙara har na kusa suka ji. Ya ja sabon layi, ba mai tsini irin na kullum ba. Wani abu ne guntu mai zagaye, tsawonsa bai wuce ƙaramar motar haya biyu ba. Ya miƙe da ƙyar.

"Kowa ya shigo. Kowa da kowa. Angela, kwaso matan can da goyonsu. Ubale, har kai."

Suka shiga suna matsa juna, kafaɗa kan kafaɗa, wani na taka wani, yara suka fara kuka, na gefe na riƙe rigar na ciki don kada su fita layi. Duk da haka rabin mutanen rumfar na waje.

"Waɗanda ke loda kwale-kwalen roba ba sa barin kowa a waje," in ji Malam. "Ku ƙara matsawa."

Sannan ya ɗaga gorar ya nuna tsallaken hanya.

"Kai, Uthman! Zo nan."

Saurayin ya sauko daga babur ya tsallako. Ya tsaya a bakin layi yana duban cunkoson, yana duban uwarsa da aka matse a tsakiya ta rungume ƙwarya a ƙirji.

"Wannan ne jirginka. Kalle shi da kyau, don ba zan ɓoye maka komai ba, kuma gobe ma zan sake roƙonka ka zauna. Yanzu nemi inda za ka sa ƙafa."

Uthman ya daɗe kafin ya samu wurin ƙafa ɗaya. Malam ya ɗauki bokitin, wanda ruwan safe ya cika, ya kwara a ƙafafunsu. Mata suka yi ihu.

"Ruwa ya shigo. Inji ya mutu. Waya na hannunka, wanda ya ɗauka ba ya jin Hausa ba ya jin Fulatanci. Ka buɗe baki sosai, kada ka yi sauri. Abin da za ka fara gaya masa shi ne ruwa na shigar muku." Ya ajiye bokitin. "Ka ce, We are taking on water."

Uthman ya faɗa, muryarsa can ƙasa.

"Ban ji ba. Teku na da ƙara. Sake faɗi."